Jikan Kaka Gardiyan Ne a Ƙasar Italiya

Jiya ina wucewa ta gaban shagon wani tela, sai na ji mai sharhin ƙwallo a tele yana ta ihu da Faransanci, gardiyan, gardiyan. Kai mai karatu, in ba a Wagadugu ka tashi ba, bari in gaya maka: a bakin Faransawa, mai tsaron raga gardiyan ne, maigadin da ke kwana a ƙofar wani da sanda shi ma gardiyan ne. Kalma ɗaya ce, kuma da ita Baffa ya yi wa gidanmu ɓarna.

A Zango na girma, a babban gidan Kaka, tsohon falke mai goro. Da damina warin jiƙaƙƙen buhu da ɗanyen ganyen huhu ke cika zaure, mu yara muna tsintar goron da ya fashe muna kai wa tsofaffi. Kaka bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, Hausa da Mosanci da Larabcin allo ya iya. Abin da ya fi alfahari da shi, tun kakanninsa babu wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashin wani.

Autansa ya tafi Italiya tsinkar tumatir kafin a haife ni. Ya auri Baturiya, suka haifi ɗa namiji, sannan ciwo ya ɗauke shi a can. Matar ba ta yanke zumunci ba. Takan kira wayar shagon bakin titi da guntun Faransancinta, Baffa ne ke zuwa ɗauka.

Baffan nan yayan babana ne. Ya yi 'yan shekaru a lakwal, ya taɓa zama masinja a wani ofis, shi ke nan ya ɗauki kansa gwamna. Biro uku a aljihu, ga tabarau, ga jarida ta bara a hammata. Ɗakin marigayi kuwa tuni ya cika shi da kajinsa, ba ya ƙaunar abin da zai sa magajin ɗakin ya waiwayo gida.

Ran nan ya dawo daga waya, ya zauna gaban Kaka yana girgiza kai.

"Baba, yaron nan ya samu aiki. Gardiyan ne."

"Mi ke nan?"

"Gadi, Baba. Tsaron ƙofa."

Alhali yaron, yana ɗan shekara goma sha takwas, wata ƙungiya ce ta ɗauke shi tsaron raga. Baffa ya sani sarai, don ba ya barin wasa ya wuce shi a rediyo. Mu yara ma mun gane. Na buɗe baki zan yi magana, ya kai mini ranƙwashi, ya ce tun yaushe 'ya mace ta san ƙwallo. Sauran manyan gidan, masu rawani da carbi, suka sunkuyar da kai suna taunar goro. Su ma ban ga abin girmamawa a tare da su ba.

Kaka ya daina zancen jikansa a masallaci. Sai dai bayan sallar asuba ina jin sa yana roƙon Allah ya tsare yaron daga ɓarayi da sanyin Turai.

Da bazara ta zagayo, yaron ya zo da kansa. Dogo ne, sai ya sunkuya zai shiga zaure, tafin hannunsa kamar faifai. Zafi ya sa fuskarsa ta yi jawur. Ba ya jin Hausa, amma ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda ubansa ya koya masa, ya miƙa wa Kaka safar hannun da ya sa a wasansa na farko. Kaka ya juya ta, ya shafa, idonsa ya ciko. A zatonsa ta maganin sanyin dare ce.

"Ka ce mishi ya dawo gida," in ji Kaka. "Ina da rumfa a kasuwar Sankaryare. In koya mishi goro da hannuna, ya bar kwana ƙofar mutane."

Baffa ya gyara tabarau, ya juya ga yaron da Faransanci, wanda yaron ke ɗan ji. Ya ce tsoho ya ce aikinka abin kunya ne ga zuriyarsa.

Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga murmushin yaron ya gushe. Ya dubi Kaka, Kaka yana ta gyaɗa masa kai don ya amince. Shi kuwa ya ɗauka tsoho yana tabbatar da zagin ne. Ya tashi, ya sa takalminsa, ya koma masauki. Bai kwana a gidan ubansa ba. Kaka ya rasu da kakar girbi ta gaba, yana cewa jikansa ya fi son gadi da shi.

Daga baya yaron ya hau babbar ƙungiya, sunansa ya cika tele. Zo ka ga Baffa a teburin mai shayi, ya sa safar nan duk da zafin Wagadugu, yana bugun ƙirji: "Ɗan ƙanena ne! Ni na ba shi shawara ya riƙe aikin." Manyan da suka yi shiru dā, su ne masu cewa jini ba ya ɓuya. Raini nake ji in na gan su, kuma ba na ɓoyewa.

Yanzu Zango ta canza. Yawancinmu mun koma unguwar Tampuy, rumfar goro ta zama ta sayar da waya, kowane yaro yana da na'urar da za ta fassara masa Italiyanci ba tare da ƙarya ba. Da ita na rubuta wa ɗan'uwana ainihin abin da Kaka ya faɗa. Saƙona yana can cikin dubban saƙonnin masoyansa, bai buɗe ba. Da Baffa ya ji na rubuta, sai ya aiko jikarsa ta same ni. Wai in yaron ya amsa, in roƙo masa rigar ƙwallo, babba, saboda shi Baffa ya yi ƙiba.