Yadda Babur Mai Taya Huɗu Ya Taka Ni a Dubai

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa na zo Dubai na daina gaisuwa, ku yi haƙuri. Wallahi a kwance nake.

Kun san acaɓa nake yi a Funtuwa. Kawu Habibu, ƙanin Innata mai harkar kago a Al Rigga, shi ya samo min aiki a wani gareji a Al Quoz, inda ake gyaran baburan hawa rairayi masu taya huɗu. Nawa wanki ne da ɗaure noti.

Sai Ogan garejin ya ce wanda ya iya hawa za a mai da shi sahara yana yi wa baƙi jagora. Na ce ni da nake goya mutum uku da buhun masara?

Na sayi hular kwano, safar hannu, da takalmi har gwiwa. Na lallaɓi makanikinmu, wani ɗan Pakistan, ya sa wa babur ɗin gwaji salansa mai ƙara. Ya ce, "Habibi, koyo tukuna, shwaiya shwaiya," wato abokina, a bi a hankali. Na ɗauka hassada ce.

Ranar gwaji muka fita sahara. Tudun farko hannuna ya gaji, numfashi ya ƙare. A na biyu babur ya karkata. To ɗan acaɓa in babur ya karkata me yake yi? Ƙafa yake saukewa. Na sauke. Tayar baya ta bi ta kai.

Na ji ƙas! Ina ihu, salansa ta hana kowa ji.

A asibiti aka yi hoto, ƙashin ƙwaurina ya karye wuri biyu, likita ya ce sai an sa ƙarfe. Na ce, "Kawu, a kai ni wajen mai ɗori."

Ya ce, "Mai ɗori a Dubai? Kwanta, ɗan nema."

Da almakashi suka yanka sabon takalmin. Nan na fashe da kuka. Nas ta zaci zafi ne, ta ƙara min allura.

Inshorar gareji ta biya aikin, Kawu ya biya gashin ƙashi, kuma kullum sai ya tuna min.

Tsorona ɗaya ne. Bizata ta kusa ƙarewa, Oga ya ce in ban tsaya da ƙafata ba, khalas, sai gida. In koma Funtuwa da sanda, ko acaɓar ba zan iya ba.

Inna ta kira ta ce, "Kai da ka je wanke babur, me ya kai ka samansa?"

Mai gashin ƙashin wata Baturiya ce daga ƙasar sanyi. Ta nuna min bidiyonta a kan wani babur na ƙanƙara, ko taya babu, tsoho tukuf, tana keta tudu kamar wasa. Kawu ya fassara min: wai inji ba ya tuƙa kansa, aikin cinya ne da ciki da natsuwa. Ta ɗaura min wata 'yar roba a ƙafa ta ce in ja. Jama'a, roba ta sa ni gumi.

Haka muka yi ta yi, daga sanda biyu zuwa ɗaya. Ranar da na iya sujada ba kujera, na daɗe ban ɗago ba.

Makon jiya Oga ya ce in ɗauko taya daga ƙofa zuwa ƙarshen gareji. Na kai, ina ɗingishi amma na kai. Ya ce, "Yalla, kawo fasfo a sabunta bizar."

Alhamdulillahi. Kawu, Allah ya saka da alheri. 'Yan ɗakinmu na Hor Al Anz da suka bar min gadon ƙasa, na gode.

Shawarata, kafin ka sayi kaya ka nemi wanda ya iya ya koya maka. Ka motsa jiki, rairayi yana cin ƙarfi. Ka tambayi inshorarka tun kana lafiya. In mai taya huɗu ya karkata, jikinka za ka kwantar wajen tudu, ƙafa ta zauna inda take.

Asabar zan fara koyo daga farko, a fili, a giyar farko. Ku sa ni a addu'a. Inna ba ta sani ba, don Allah kar wanda ya kai mata.