Faifan Ishaku

Lokacin tonon citta ne, wajen ƙarshen shekarun casa'in, shekarar da ko'ina a Kafanchan ƙamshin citta ake ji amma ni abinci ba ya mini daɗi. Allah shaida na, abin nan ya faru da ni.

Ɗana Ishaku da abokinsa Danladi suna da shagon buga katin biki da kwamfuta. Ishaku ne ya haɗa manhajar da suke aiki da ita, ya sa mata Hausa don ni ma in karanta, tunda na yi yaƙi da jahilci. Da an buɗe ta sai ta faɗi ta inda aka buɗe ta. In daga cikin inji ne ta ce haka, in kwafin sata ne ta ce kwafi ne, in kuwa da faifansa na ainihi ne, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa, sai ta rubuta, "Sannu da zuwa, maigida."

To, ya tafi Legas sayen kaya da faifan a aljihu, shiru har damina ta wuce. Iyayen matarsa Rifkatu suka aiko daga Gwantu cewa za su ɗauke 'yarsu, mutum ya mutu a haƙura. Na kusa amincewa.

Wata rana da tsakar rana na kai wa Danladi abinci, yana buɗe manhajar, sai na ga rubutun: "Sannu da zuwa, maigida."

Na ce, "Danladi, faifan wa ka sa?"

Ya danna ramin faifan, babu komai ciki. Ya kashe ya kunna, ta ce daga cikin inji ne, kamar kullum.

Na ce, "Ishaku yana da rai ke nan?"

Ya ce, "Mama, ita hanyar da aka buɗe ta kawai ta sani, ba ta san mai rai ba."

Ku da kuke jiran dawowar wani naku, kada ku bari a yanke muku hukunci da gaggawa.

Washegari na shiga mota zuwa Gwantu, na durƙusa gaban baban Rifkatu, na ce su ba ni zuwa wata damina kafin su ɗauke ta.