Gefen Zane a Tsohuwar Waya

A tashar motocin Tsafe da ke Gusau, wani dattijo na tsugune gindin dalbejiya, ya ƙura wa wata tsohuwar waya ido, an ɗaure murfinta da roba. Kantar hannunsa ta mai riƙon fartanya ce.

Bidiyon mutanen da aka ce an kuɓutar daga hannun 'yan bindiga yake son kallo, wayar kuwa ta gaza. Hoton ya ɗan motsa, sai ya daskare, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa. Ya ɗaga ta sama, ya ciro batir ya murza a cinya, ya mayar. Sau uku ke nan tana maƙalewa a wuri ɗaya, inda gefen zanen wata mace kaɗai ya shigo.

Ina tsaye kusa da shi, ya miƙo mini wayar.

"Malam, idonka ya fi nawa. Zanen ga ja ne? Da jan zane ɗiyata Suwaiba ta tafi gona ranar."

Na duba da kyau. Ba ja ba ne.

Na ce, "Baba, bari ya ƙara motsawa tukuna."