Tsamiyar Kakana

Jiya na je neman gurbin karatu a wata kwaleji wajen Malumfashi. Layi ya ƙi motsi, rana ta gasa ni, na ce na fasa. Wata ɗaliba ta ce, "Je ki gindin tsamiya ki huta, nan kowa ke haɗuwa."

Marigayi kakana ne ya dasa ta, lokacin yana kula da itatuwan makarantar. Ranar da yake dasa ta na ce masa, "Tsoho, tsamiya fa gidan aljanu ce, ga jinkirin girma!"

Ya yi dariya, hannunsa duk laka. "Uwar gaggawa, aljanun ma su zo su yi karatu. Makaranta ba ta sauri."

Jiyan da na isa gindinta, na tsinci tsamiya ɗaya na tsotsa, ta kashe min haƙora, na koma layi. Allah ya inuwantar da kai, Tsoho.