Ɗan Kunnen Kaka

Inna tana da ɗan kunnen zinariya guda ɗaya da ta gada wurin kaka. Ɗan'uwansa ya faɗa rijiya tun ban zo duniya ba. Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, da auren ƙanwata ya matso, Inna ta ƙulle shi a bakin zanena ta ce in kai wa wani maƙeri a Dogon Dutsi a mayar da shi biyu. Ni ta zaɓa don na yi lakwal, wato makarantar boko, wai ba za a cuce ni ba. Daga garinmu Tibiri har muka isa hannuna bai bar ƙullin nan ba. In na taɓa na ji shi, sai in ce ko tsakuwa ce, in kwance in duba.

Maƙerin yana da wani guntun tagulla mai ramuka, kowane rami da zanen fure, wanda wani alhaji ya sayo masa wurin Indiyawa a Makka. Ya ce in je kasuwa in dawo. Na ƙi. Na zauna ina kallo ya narkar da kayan kaka, ya yi ta bugu har ya koma kamar ɓawon albasa. Ya ɗora fallen a kan rami, ya aza dalma, ya doka guduma, sai ga fure ya fito. Ya haɗa bayansa da gabansa da wuta, ya ɗura narkakken ƙaro a ciki don kada ya lotse. Haka ya yi na biyun.

Duk abin da almakashinsa ya zubar na shimfiɗa kallabina na tare. Ya yi ta dariya, ya ce ko kaza ba ta kai ni tsince-tsince ba. Na roƙe shi ya narkar mini da su, suka zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake. Ya gargaɗe ni cewa wannan aiki ba ya son haƙori. A hanya na yi ta maimaita maganar don kada in manta, amma da na iso gida cike yake da mata, ban sami bakin faɗa ba.

Gwaggo, yayar babanmu, ita ta fara karɓa. Ta jinjina su a tafi, ta dube ni.

"Ke ɗiyata, wanga zinariya ce ko fuffuken fara? Ina nauyin ya tafi?"

Kafin in buɗe baki ta kai ɗaya bakinta ta ciza, yadda matan Arewa ke gwada zinariya tun kaka da kakanni. Furen ya lotse. Inna ta sunkuyar da kai.

Na kwance kallabi na miƙa mata dunƙulen. "Gwaggo, ga sauran. Wannan ake cizo."

Ta ciza, ta haɗa su duka a tafi ta sake jinjinawa, ta ce to, yanzu ta ji nauyin kayan tsohuwa. Sannan ta ce laifin Indiyawa ne da ke yi wa marasa haƙori kaya. Mata suka kwashe da dariya.

Na so in koma a gyara, ƙanwata ta hana. Ta sa shi haka, da shaidar haƙorin Gwaggo a kunnen hagu. Har ta yi jikoki, in mun gaisa, kunnen nan nake fara dubawa, in ga ko ƙaron ya fara zuba.