Ƙullin Majanyi

Ranar wata Laraba ce da kaka, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, Inna ta fara ɗora mini goyo. Ana sussukar gero a tsakar gida, ƙaiƙayi ya cika ko'ina, ƙanena Habu yana ta tsala kuka a kan tabarma. Inna ta jingine taɓarya ta ce, "Ke, zo ki duƙa." Na duƙa. Ta ɗora shi a bayana, ta rufa mana zane, ta zagayo da majanyi ta ƙulle a ƙirjina, sannan ta zura yatsu biyu ƙarƙashin ƙullin don ta ji ko ya matse ni. Ta ɗan daki kafaɗata, ta koma kan turminta. Daga ranar bayana bai sake hutawa ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni, ba ta ɗora ni a cinya. Kunya ce, haka kowa ya taso ya gani. Habu ya sauka, Ladi ta hau. Ladi ta sauka, Auta ya hau. Da goyo na yi surfe, da goyo na ja guga, da goyo na kai wa Baba fura gona, na tsaya roron wake har rana ta karya. Carafke nakan yi tunda a zaune ake yinsa, amma 'yar gala-gala ta fi ƙarfina, ba a tsalle da ɗan mutum a baya. In 'yan mata suna gaɗa, nawa tafi ne daga gefe. Akwai wata darbejiya jikin tagar ajin firamarenmu, nan nake laɓewa ina jin yara suna bin malam da ƙarfi, ni ma ina motsa baki. Da zarar goyon ya yi kuka, sai malam ya leƙo ya nuna mini hanya da bulala. In na ce bayana na ciwo, kakata takan ce, "Ke har kina da baya? Baya na manya ne." Sai da na yi aure na girma na zauna a ajin yaƙi da jahilci, na riƙe fensir kamar muciya, ina jin haushin kowa.

Yanzu a Guangzhou ta ƙasar China muke, unguwar Dengfeng, hawa na shida, benen ba shi da na'urar hawa. Maigidana yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya zuwa Kano, ni kuma ina tuƙa musu tuwo. 'Yata ta fari, Maryam, a nan aka haife ta. Shekararta takwas, yaren China ya fi Hausa gudu a bakinta, duk da haka a makaranta yara kan goga mata hannu su duba ko baƙin zai fita. Takan dawo ta tambaye ni ita 'yar ina ce. Ina kuma da jinjiri, Sadiƙ.

Kwanakin baya Hajiya Talatu, wata 'yar Kano mai saro takalma, ta hawo cin abinci. Ta same ni da goyo ina tuƙi, gumi har gwiwar hannu, Maryam kuwa tana zaune kan aikin makaranta. Ta ce, "Haba Maman Maryam, ƙatuwar yarinya a zaune, ke da goyo ke da muciya? Kin mayar da ita 'yar China. Ran da ta je gida dariya mata za su yi mata." Na ce, "Hajiya, ci tuwonki kar ya huce. Ni na riga na yi goyon nawa da nata." Ta ci gaba da cin tuwonta, amma maganar ta zauna mini. In na ɗora wa yarinyar nan ƙaninta, na san inda hanyar take ƙarewa, gindin darbejiya. In kuma na bar ta, nan ba a karɓe ta ba, can ma ta zama baƙuwa.

Ashe Maryam ta ji. Washegari ta dawo makaranta, ko jaka ba ta sauke da kyau ba, ta ɗauko majanyi ta miƙo mini. "Mama, ɗaura mini shi. Ai ni ma Bahaushiya ce." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji na ce ta duƙa. Na ɗora shi, na rufa zane, na ƙulle. Kafin na ankara yatsuna biyu suna ƙarƙashin ƙullin, zuciyarta na bugawa a kansu. Ba wanda ya koya mini wannan. A nan na gane, duk ƙuruciyata wannan ne kaɗai lokacin da hannun Inna yake taɓa ni, kuma ba ta taɓa mantawa ba, ko da safe ɗaya.

Maryam ta taka zuwa taga ta dawo, tana tafiya a karkace tana dariya. Kafin ruwan tuwo ya tafasa na kwance. Na ce, "Ya isa, Maryam. Kin iya. Ɗauki littafinki." Na mayar da Sadiƙ bayana.

Inna ta rasu ina nan, ban ga jana'izarta ba. A can gida cike yake da mata, amma bayan yarinya ne yake ɗaukar nauyin. A nan ƙofa a rufe take, baya ɗaya ne, nawa, kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Duk da haka ba zan raba wa 'yata gajiyar nan ba. Sunanta nake kira, ko gaban wa. Ni dai har yau, in na kwance majanyi, wurin ƙullin nan nake dafawa.