Fadamar da Gwamna Tull Ya Bayar Sau Biyu

"To ka ce ba ka tuna ba mana," in ji Jethro Pickard. "Tsoho ne kai. Wa zai kama tsoho da laifin mantuwa?"

"Ni tsoho, kai fa? Jariri?" in ji Baba Lemuel, bai ko ɗago kai daga masarar da yake ɓarewa ba.

"Ni ai ba gonata aka zo ɗauka ba. Kai dai tun muna samari kanka kamar gungumen da ya sha ruwa yake, ba ya ƙonewa, ba ya tsagewa."

Muna zaune ne a ƙofar rumbun Baba Lemuel, mu uku. Gonata tana iyaka da tasa, kuma a Rafin Barewa ba a barin mutum ya ɓare masararsa shi kaɗai. Daga inda muke ana hango hayaƙi yana tashi a ƙasa, bakin idon ruwa. Tun farkon mako wata dattijuwa ta tsayar da keken shanunta a wurin, ita da ɗanta da matarsa. Sunanta Tabitha Roark, daga bayan duwatsu suka fito. Ta ce marigayi Gwamna Tull ya ba mijinta wannan fadamar tun ba a sare itace ko ɗaya a rafin ba. Ba ta da takarda. Shi ma Baba Lemuel ba shi da ita. Waɗanda suka tsaya shaida a ranar duk sun mutu, saura mutum ɗaya, kuma shi ne yake noma fadamar.

Lemuel Haskew ya ƙetaro duwatsu yana saurayi, da gatari da bargo guda. Ransford Tull a lokacin bai zama gwamna ba, safiyo ne, mai awon ƙasa, mai dogayen ƙafafu da zaƙin baki. Aikin Lemuel shi ne ya bi bayan masu jan sarƙar awo yana yi wa itatuwa sarar alama, sara ɗaya a kan layi, uku a kusurwa. Ya sha ba ni labarin, kuma kullum da murya ɗaya yake bayarwa, ba fahariya ba kuka.

"Itatuwan da muka sara ba namu ba ne," yakan ce. "Mutanen da muka tarar suna da gonakinsu a bakin kogi, da kaburburan iyayensu. Mu sara da bazara, shi kuma Tull ya je ya zauna da shugabanninsu da kaka a ƙulla yarjejeniya. Kafin tawada ta bushe ya riga ya san fadamar da za ta zama tasa."

Da aka yi wa yankin gwamna, Tull aka naɗa. Ya gina gidan jan bulo, na farko mai tagar gilashi a duk ƙasar. Ya yi ta sayar da daji ga mutanen gabas da ba su taɓa ganin wurin ba, wani lokaci fili ɗaya ga mutum biyu, har iyakoki suka hau kan juna kamar ɓawon albasa. Lauyoyi suka ci rabonsu, suka ci nasa. A ɗakin bayan gidan 'yarsa ya mutu. Amma waɗanda suka ci tukunya ɗaya da shi a daji, ba ya ba su takarda. "Takarda ta baƙi ce," in ji shi. Su yakan ba su ne yadda kakanni suke yi: a yanko dunƙulen ƙasa, a soke ɗan reshe a ciki, ya ɗora wa mutum a tafin hannu gaban shaidu, ya ce ta zama taka. Mai yanko ƙasar da reshen kuwa kullum Lemuel ne.

Enos Roark, mijin Tabitha, tsohon soja ne. Shi ya goyo Tull ya fitar da shi daga kogi ranar da dokinsa ya nutse, aka ba shi fadamar a kan haka. Ya koma ɗauko iyalinsa, shiru bai dawo ba. Shekaru suka wuce, Lemuel ya auri Dorcas yana neman wurin zama. Gwamna ya ce, "Enos ya manta da mu, ko ƙasa ta rufe masa ido. Yanko wata." Ya ba Lemuel fadamar, ya ƙara masa da tudun da ke samanta. Lemuel ya sare dajin, ya tone kututture, ya dasa tuffa a tudu, ya binne Dorcas a gindinsu. Nasa dunƙulen yana cikin tulu a kan katakon murhu. Fadamar ce ke ciyar da shi, don tudun duwatsu ne zalla.

"Ga ta nan tafe," in ji Jethro, ya rage murya. "Ka tuna abin da na ce. Ba ka gani ba, ba ka ji ba."

Tabitha ta hawo a hankali, tana dafa gwiwa. Gajeruwa ce, gashinta fari fat, da ƙunshin tsumma a hammata.

"Sannunku da aiki."

"Sannu da hawa, Gwaggo," na ce, na ba ta kututturen da nake zaune a kai.

"Wane ne Haskew a cikinku? An ce mini tsoho ne mai taurin kai, ga shi na tarar da biyu."

"Wannan ne," in ji Jethro. "Ni mai hankalin ne."

"Ba a gani a fuska," in ji ta. Ta juya ga Baba Lemuel. "Dattijo, ban zo faɗa ba, ƙafata ma ba ta iya faɗa. Enos keken shanu ya faɗo masa a ƙugu shekarar da ya koma. Tun daga ranar yana noma ƙasar wani, kullum sai ya ce baɗi za mu tafi tamu. Baɗi, baɗi, har muka binne shi. Ga abin da ya bari."

Ta kwance tsumman a cinyarta. Ƙasar ta bushe ta farfashe, rabinta ta zama gari. Reshen ya yi baƙi, bai fi tsawon yatsa ba.

Jethro ya yi dariya. "Haba, Inna! Irin wannan ai ko a bayan rumbun nan sai in yanko miki goma."

"Yanko mana, ka ajiye shi shekara talatin a ƙarƙashin matashinka, sannan ka zo mu yi magana."

Baba Lemuel ya goge hannu a wando, ya ɗauki reshen. Idonsa ya yi rauni, don haka da babban yatsa ya bi shi. A gindin reshen akwai 'yan yanka uku a jere, irin na itacen kusurwa. Haka yake yi wa kowane reshe da ya yanka wa Gwamna. Ya daɗe yana shafawa. Alade ya yi gurnani a garke. Jethro ya yi tari, ya sake yin tari.

"Tari kake, Jethro? Sha zuma," in ji Baba Lemuel. Ya mayar mata da reshen. "Wuƙata ce ta yanka wannan. Ana yayyafi ranar. Enos ya cire hula ya saka ƙasar a ciki don kada ta jiƙe, ya bar kansa a ruwa. Nasa ya riga nawa."

"Wayyo ni," in ji Jethro, ya jefar da masarar hannunsa. "Ka yanka kanka da kanka, tsohon banza! Ko kotu ka bari a je mana!"

"A je kotu da ƙasa a tulu? Alƙali ya yi dariya, ya ba wani mai takarda daga gabas? Ai ka ga yadda lauyoyi suka yi da shi Gwamna kansa."

Tabitha ta naɗe tsummanta. Ba ta yi godiya nan take ba, sai da ta dube shi sosai, kamar mai duba doki a kasuwa.

"Ina iyakar abin da aka ba Enos?"

"Daga rafi zuwa gindin tudu. Idon ruwan yana ciki."

"Tudun fa?"

"Nawa ne. Matata tana can."

"Ba na gadon kabarin kowa," in ji ta. "Shingen da ka kewaye fadamar fa? Ɗana ya ce katakon kirki ne."

"Ni na tsaga shi, ɗaya bayan ɗaya."

"To ka bar shi inda yake, mu kuma duk kaka a hawo maka da masara, muddin kana raye. Ba sadaka ba ce, kuɗin sare daji ne. Enos da ya zo, da shi zai tone kututturen nan."

"Ka ji, muddin kana raye," in ji Jethro. "Ta ga ba ka da sauran nisa."

"Zan binne ka tukuna," in ji Baba Lemuel. Ya miƙa mata hannu, ta kama.

"Ruwa kuwa," in ji ta, "ka sauko ka ɗiba duk sanda kake so."

"Na gode, baiwar Allah. Amma ruwan maƙwabci daɗi gare shi sai ranar da aladena ya shiga kabewarki. Akwai wata damshi a bayan tuffa, ciyawar wurin ba ta bushewa ko da rani. Dorcas ta sha cewa in tona rijiya, ni kuma ga idon ruwa a ƙasa, na yi ta ce mata baɗi."

Tabitha ta yi 'yar dariya ta hanci. "Duk halinku ɗaya."

Ta sauka ta gaya wa ɗanta ya kwance kaya. Baba Lemuel ya tsaya yana kallon fadamar, karan masara a tsaye, rana tana kansu. Can ya juya gare ni.

"Ɗana, ka ƙarasa wannan tarin masarar in ba ka gaji ba. Jethro, digarka tana gida?"

"Ba na ba mahaukata aro."

"To zan ɗauka da kaina, matarka ta fi ka kirki."

Ya ɗora hula, ya kama hanyar gidan Jethro yana ɗan ɗingishi. Jethro ya zauna kamar ba zai tashi ba, sannan ya miƙe yana mita, ya bi bayansa yana kiran ya tsaya, wai shebur kuma a wurin surukinsa yake.